Ranar da Na Zaɓa wa Surukina Sifirin

Shekaranjiya na bi ta bayan layin shagunan unguwar Sri Petaling, nan Kuala Lumpur, zan sayo kifi, sai na tarar an shafe garejin Ankul da fenti ruwan hoda. An kankare baƙin man da ya yi shekaru yana cin simintin ƙofar, an jera kujeru, 'yan mata na zaune suna zuƙar shayin ƙanƙara suna kallon waya. Mai gadin layin ya ce mini tsohon makaniken ya sayar da wurin ya koma gidan ɗansa. Na tambaye shi tsibin tsofaffin ƙarafan da ke bayan garejin, ya ce masu sayen gwangwan sun kwashe shi a yini ɗaya. Na yi masa godiya na wuce. Sai da na isa gida na lura ban sayo kifin ba.

Ni 'yar maƙeri ce. Mahaifina ya gaji ƙirar fartanya da lauje, amma ya tashi a zamanin da manyan motoci masu bodin katako suka fara jidar gyaɗa da auduga, sai ya kafa maƙerarsa a bakin tasha ya koma gyaran sifirin. Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, sifirin fallayen ƙarfe ne dogaye masu lanƙwasa kamar baka, an jera su wani kan wani an ɗaure, su ne ke ɗauke da nauyin mota a kan ƙafafun baya. Hanyoyin lokacin babu kwalta, direbobin kuma babu tausayi wajen lodi, saboda haka Baba bai taɓa rasa aiki ba. Ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, ni ce nake zama masa a bakin zuga-zugi tun daga hantsi har azahar. Matan unguwa suna cewa zai mayar da ni namiji, shi kuwa yakan ce wuta ba ta tambayar wanda ya hura ta. Abin da na fi riƙewa daga wancan lokacin shi ne sauti: hucin zuga-zugi, da tsuwwar jan ƙarfe idan aka tsoma shi a baƙin mai, da direbobi suna rantse-rantsen cewa buhu arba'in kawai suka ɗora alhali kowa ya ga sittin. Kafin Baba ya yarda da kowane falle sai ya rataye shi da igiya a reshen ceɗiya ya ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma. Mai lafiya yakan yi amo mai tsawo, ya yi ta tafiya har ya ɓace a hankali. Mai tsaga a ciki kuwa, ko ido bai ga tsagar ba, amonsa gajere ne, kamar an toshe masa baki. Yakan sa in rufe ido in faɗi wanne ne wanne. Idan na kuskure sai ya ja mini kunne, ya ce ai kunnen ne ya yi laifi, shi za a hukunta.

Sau ɗaya ya taɓa tafiya da ni wajen haɗari. Wata tirela ce ta kife a gangaren gada, buhunan gishiri sun watse har cikin rafi, an riga an ɗauke direban a makara. Mutane suna ta cewa birki ne, wasu na cewa iskokin gadar ne. Baba ya zagaya sau biyu hannunsa a baya, ya duba inda igiyoyin lodi suka ci katako, sa'an nan ya ce mini a hankali, “An yi mata lodi a wutsiya.” A hanyar komawa ya yi mini bayani. Duk abin da ake ja, in nauyinsa ya koma baya, da an hau gangare sai ya fara kaɗa wutsiya, ya kaɗa motar da ke jansa, daga nan sitiyari ya zama ado a hannun direba.

Daga baya aka kai ni makaranta, na yi rayuwar aikina duka a gidan rediyo, ina karanta labarai ina tace muryoyi. Abokan aiki sun sha mamakin yadda nake jin 'yar ƙarar da ba wanda ya ji a faifai, ni kuwa ban taɓa faɗa musu inda na koya ba. A zamaninmu 'yar boko ba ta so a san daga bakin wuta ta fito. Yanzu makanike kwamfuta yake jona wa mota ta faɗa masa ciwonta, ya cire abin da ya lalace ya jefar, ya sa sabo daga cikin kwali. Ban ce wannan ba ci gaba ba ne. Sai dai akwai shekarar da kwalayen suka daina zuwa.

Wankan jego ne ya kawo ni Kuala Lumpur. Autata na auren wani malamin jami'a da aka turo ƙaro karatu a fannin ƙwayoyin cuta, suna haya a wani gida na kwana mai ɗan fili a gefe. Na sauka da kanwata da daddawata, ina shirin wata uku in koma. Haihuwa ta zo da wuri, yarinya ta fito bakwaini aka sa ta a kwalba, kafin a sallame ta kuma korona ta rufe duniya. Aka kafa dokar kulle, aka hana jirage tashi, aka sa shingen 'yan sanda a kowace mararraba. Garin da ba ya shiru ya yi tsit, har ina jin kukan tsuntsaye a kan titin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai. Mijin Auta aka ɗebe su aikin gwajin cutar a ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Likitar yarinya ta yi magana ɗaya: huhun jaririyar bai yi ƙwari ba, mai wannan aikin kada ya taka cikin gidan, ko banɗaki kada a haɗa da shi. An mayar da ɗakunan kwanan ɗalibai wurin killace masu cutar, otal-otal sun rufe. Sai ya koma kwana cikin motarsa a harabar wurin aiki, wata tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu da ya saya don shiga gonakin bincike. Mutum ne dogo, kujerar kuwa ba ta kwanciya. Mako shida yana barci a naɗe. Duk Juma'a yakan zo bakin ƙofa ya ɗauki kular abinci da wankakkun kaya, ni kuma ina leƙensa ta labule. Ƙafafunsa sun kumbura har ya daina ɗaure takalmi, kuma sau ɗaya Auta ta ce mini barci ya sace shi a gaban danja sai da na baya suka yi ta hon.

Ta labule nake leƙensa domin mu haka muka tashi. Tun da ya auri Auta ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskata ba. In zai gaishe ni sai ya tsuguna daga nesa, in amsa ina kallon bango. Ba mu taɓa cin abinci a ɗaki ɗaya ba. Da likitoci suka fara wa duniya wa'azin ba da tazara, na ce wa Auta mu surukai wannan gadonmu ne. Yaran yanzu na ga suruka da suruki suna ɗaukar hoto kafaɗa da kafaɗa, ban ce musu komai ba, amma ni jikina ba ya yi.

Mafita ta fito daga malamin surukina a jami'a, wani dattijo ɗan ƙasar mai gonar durian, wani ɗan itace nasu, a kan duwatsun gabashin gari. Yana da ɗaki mai taya, irin wanda ake ja da mota, da gado da banɗaki da tankin ruwa a ciki. Ya ce a je a jawo shi a kafa a gefen gidanmu, a zauna har annoba ta wuce. Auta ta ga hotonsa ta sa masa suna akurki. Aka samo takardar izinin fita ta yini ɗaya, surukina ya tafi, ya dawo da yamma babu akurki. Na ji labarin ne ina ɗaurayen kwanuka, domin Auta ta saki muryarsa a waya.

“Ina maƙala shi motar ta durƙusa,” in ji shi. “Hancinta ya dubi sama. Na ɗan ja zuwa bakin gona, sitiyari kamar babu taya a ƙasa. Dole na kwance.”

“To yanzu fa?”

“Sun ce za su sake ba ni takarda ta ranar Talata, amma wai daga ita za a rufe yankin gaba ɗaya. Kada ki damu, na gano maganin abin. Sikeli ne kawai. Akwai buhunan taki a gonar, zan jera shida a can ƙarshen ɗakin, gabansa ya ɗaga, motar ta miƙe. Simple, lah, in ji mutanen garin nan.”

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Na san hanyar, an taɓa kai ni kafin kulle: gangare ne mai lanƙwasa kamar hanjin kaza, dutse a dama, rami a hagu. Da ya kashe wayar na ce wa Auta ta kira shi ta gaya masa kada ya kuskura, sifirin ɗinsa ne ya mutu, kuma lodi a baya kisa ne. Ta dube ni kamar na yi yaren China, amma ta kira.

“Mama ta ce wai in gaya maka wani abu ya mutu a motarka, wai kuma kada ka ɗauki takin mutane.”

“Ki ce mata na gode, Allah ya ƙara girma. Takin zan mayar musu. Ki ce ta kwantar da hankalinta, lissafi ne na kimiyya.”

Na sake ba ta saƙo, ta sake murɗe shi, ya sake aiko godiya. Sau uku. Yaro ne mai ladabi, ladabin ne kuma zai kai shi ramin, domin duk abin da ya fito daga bakin suruka addu'a yake ɗaukarsa, ya amsa da amin ya ci gaba da abin da ya shirya. Na yini ina juya maganar. Ba na jin nauyin ƙarfe, nauyin idonsa nake ji. Amma na auna abu biyu: in ya ga rashin kunyata, zai gani yana raye.

Ranar Juma'a da ya zo ɗaukar abinci na sa takunkumi na yafa mayafi na buɗe ƙofa na fita. Yana ganina ya zube a kan kwalta, kula a hannu.

“Barka da rana, Mama. An yini lafiya? Ya mai jiki, ya jego?”

“Tashi, Malam. Yau ba gaisuwa ta fito da ni ba. Je ka danna bayan motar nan da ƙarfinka, ka saki.”

Ya dubi Auta da ke taga, ta ɗaga masa kafaɗa. Ya je ya danna ya saki. Bayan motar ya yi sama ya yi ƙasa sau uku kafin ya tsaya.

“Shokazobarka ta mutu,” na ce. “Mai rai sau ɗaya take barin mota ta motsa. Yanzu ja da baya.”

Ya ja da baya taku goma. Na dafa taya na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na leƙa ƙarƙashi. Rabona da wannan kallon ya fi shekara hamsin, amma komai na nan inda na bar shi. Fallayen da ya kamata su lanƙwashe kamar baka sun miƙe sambal, robobin bakinsu sun zagwanye. Na miƙe na faɗa masa abin da na gani, na kuma ba shi labarin tirelar gishiri, ina kallon lambar motar ba fuskarsa ba. Na ce buhunansa za su miƙar da motar, gaskiyarsa, za ta yi kyau a ido har zuwa lanƙwasa ta farko. Sai ya yi tambaya yana kallon ƙasa.

“Mama, a ina kika san duk wannan?”

“A gidanmu. Gobe garejin tsohon nan na bayan shaguna yana buɗewa da safe. Ka kai ta. Zan same ka can.”

Auta ta leƙo ta taga. “Mama, shekara talatin ina cin tuwonki, ashe da makanike nake zaune?”

“Rufe tagar nan, iska na shiga wa yarinya.”

Doka ta yarda mutum ɗaya ya fita cefane daga kowane gida, saboda haka na ɗauki kwando na tafi a ƙasa. Ankul tsohon Basine ne siriri, kowa a layin haka yake kiransa, ya ɗaga ƙofar garejinsa rabi. Yana da sabuwar shokazoba mai ƙarfi, yana da sababbin robobi da ƙarafan ɗauri, amma sabon sifirin babu, ya ce kaya sun maƙale a tashar jiragen ruwa ba wanda ya san ranar fitowarsu. Abin da zai iya shi ne ya buɗe ɗaurin kowane gefe, ya sake lanƙwasa tsofaffin fallayen, ya ƙara falle daga tsibin da ke baya. Ya shiga tsibin ya fito da biyu masu sheƙi, har da sauran fenti a jikinsu. Surukina yana tsaye can bakin titi, ni ina wannan gefe, Ankul a tsakiya. Na ce da Turanci a ba ni igiya da ƙaramar guduma.

Ankul ya dubi surukina. “Bos, makcik ɗin nan cefane ta zo ko duba aikina?” Makcik haka suke kiran duk macen da ta haife su.

“Ka ba ta abin da ta ce, Ankul.”

Ya ɗaure fallen farko a ƙarfen rumfa yana murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali. Shirun garin ya yi mini rana, babu mota babu babur. Na rufe ido na ƙwanƙwasa. Amon ya tashi ya yi tafiyarsa har ƙarshe, sai na ce wannan ya yi. Aka rataya na biyu. Na buga, ya ce ƙwal ya mutu. Na sake bugawa a wani wurin, haka.

“Wannan a fashe yake.”

“Ayyo, makcik! Wannan ya fi wancan sabunta. Dubi fenti, lah. Shekara arba'in ina wannan aikin.”

“Fentin lafiyarsa ƙalau. Kana da kananzir da alli?”

Yana da su, da allin yake sa wa tayoyi alama. Na sa ya kankare fentin tsakiyar fallen, ya shafa kananzir, ya bari ya ɗan jima, ya goge tas, ya murza alli har wurin ya yi fari. Sa'an nan na buga sau biyu muka tsaya muna kallo. A hankali wani baƙin layi siriri kamar gashi ya fito a kan farin, daga ramin tsakiya zuwa gefe, kananzirin da ya ɓuya cikin tsagar ne yake fitowa. Ankul ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

“Babana haka yake yi! Na manta sam. Wa ya koya miki?”

“Nawa baban.”

Ya shiga ciki ya fito da kujera ya goge ta da rigarsa ya ajiye mini a inuwa. Daga nan aiki ya koma namu mu biyu. Yana jawo falle yana ratayewa, ina bugawa, muna ware masu rai gefe ɗaya. Rai kaɗai bai isa ba, dole na dama da na hagu su zo daidai a tsawo da kauri da lanƙwasa, in ba haka ba mota ta riƙa tafiya a karkace. Muka riƙa kwantar da su a kan siminti ɗaya a jikin ɗaya muna duba ko haske na wucewa tsakaninsu. Rana ta take kafin mu samu abokin na farko. Surukina, wanda zuwa lokacin imani ya shige shi har ya yi yawa, ya ɗaga murya daga bakin titi.

“Mama, tunda ga masu kyau nan da yawa, a ƙara uku-uku mana. A gida haka ake yi wa motocin ɗaukar itace.”

“Shi ya sa a gida suke karyewa a ƙugu. Ɗaya-ɗaya za a sa. In ta yi tauri da yawa, da ta taka rami bayanta zai yi tsalle ya bar ƙasa. Kuma ka ji da kyau, sifirin baya yake ƙara wa mota, ba ya ƙara mata birki.”

“Boleh,” in ji Ankul, wato ya yarda. “Ka ji maganar bos ta gaskiya.”

Abu ɗaya na roƙe shi kafin in tafi: kada ya ƙarasa ɗaure notocin bakin sifirin sai ya sauke motar daga jak ta tsaya da nauyinta, don kada robobin su murɗe. Ya ce wannan kam bai manta ba. Na sayi kabeji da albasa don kwandona ya zama shaida, na koma gida na yi wanka da ruwan zafi na wanke kayan jikina kafin in kusanci ɗakin mai jego.

Ranar Litinin ya kawo motar ƙofar gida. Bayanta ya ɗan fi gabanta tsawo, yadda ya kamata ga motar da ke jiran kaya. Ya danna ya saki, ta motsa sau ɗaya ta tsaya cak. Na yanko igiyar shanya na auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa bakin bodi na ƙulla, na rataya masa a ƙofa. Na ce in ya maƙala ɗakin ya sake aunawa a wuri mai shimfiɗa, in gaban motar ya ɗaga fiye da yatsa biyu kada ya taso. Na ce ya zubar da ruwan tankin ɗakin. Duk wani abu mai nauyi a cikin ɗakin ya ajiye shi a ƙasa daidai kan tayoyi, ɗan gaba kaɗan, ya ɗaure. Ya sa wa motar jan ƙafa huɗu a hanyar gona, ya cire in ya hau kwalta. A gangare ya bar giya ta riƙe shi, kada ya kwanta a kan birki. Yana tsugune yana rubutawa a bayan takardar gwaji.

Talata da hantsi wayata ta yi ƙara. Lambarsa ce, wadda ba ta taɓa shigowa wayata ba.

“Mama, yatsa ɗaya. Bai ma cika ba.”

“To, bismilla. Allah ya tsare.”

Daga nan babu labari. Na dafa ruwan wanka da ganyen darbejiyar da maƙwabciyarmu Ba'indiya take tsinko mini ta kan katanga, na yi wa Auta wanka, na dama kunun kanwa, na tuƙa tuwo. Hannuna na aiki, kaina kuwa yana bin lanƙwasar hanyar ɗaya bayan ɗaya. In tsaga ta ɓuya mini a ɗaya daga cikin fallayen nan, ni na zaɓe su, babu wanda zan ɗora wa. Ana kiran azahar sama ta haɗe, ruwa ya sauko irin na garin nan, kamar da bakin ƙwarya. Auta ta ɗauki waya za ta kira shi, na ce ta ajiye, mai tuƙi a gangare ba ya bukatar waya. Ta ajiye, ta ɗauki yarinya ta yi ta zagaya falo da ita ko da yake ba kuka take ba.

Ruwa ya ɗauke kusan la'asar. Titi ya yi ta tururi, ba kowa a kai. Sai ga su sun ɓullo daga kwanar layi, a-kori-kura a gaba, farin ɗaki a baya, suna tafe a layi ɗaya kamar an ja zare, ba hanci a sama, ba wutsiya na kaɗawa. Maƙwabta da suka gaji da zaman gida suka fito baranda. Ba'indiyar ta fara tafi, wasu suka kama, wani ya buga murfin tukunya. Sai da ya yi baya da gaba sau biyar kafin ya saita ɗakin a filin gefe, tagarsa na kallon tagar ɗakin Auta, taku huɗu tsakani. Ya sauko yana ɗingishi saboda kumburi, ya tsuguna a cikin ciyawa mai ruwa.

“Mama, a tsakiyar gangaren nan wata tankar mai ta wuce ni da gudu, ga ruwa. Iskarta ta ture ɗakin, na ji shi ya yi gefe. Sau ɗaya. Sai ya dawo ya bi ni. Da buhunan nan suna baya...” Bai ƙarasa ba.

“Alhamdulillahi. Tashi, ƙasa na da sanyi.”

Auta ta ɗaga yarinya a taga. “Ga babanki nan, ya zo da gidansa a baya kamar kunkuru. Yallaɓai, tuwo na nan da zafi, miyar kuka ce, a miƙo?”

“A miƙo, don Allah. Bari in ɗan duba gadon tukuna.”

Ya shiga. Auta ta zuba tuwo a kula ta ajiye a kan katanga ta yi ta kira, shiru. Ta tagar ɗakin muna hango tafin ƙafafunsa, dogaye, a miƙe har ƙarshen katifa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙasa. Jim kaɗan sai minshari ya taso, mai nauyi, a jere, yana ratsa tagogi biyu. Yarinyar ma ta yi hamma ta lafe a kafaɗar uwarta.

“Mama, tuwon zai huce. In buga masa waya?”

“Kyale shi,” na ce. “A ɗumama masa gobe.”